Zayyanar da Ke Kan Fiffike

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya kai ni, shi ne kuma ya dawo da ni. Jikokina sun dame ni da tambaya a kan wata tsohuwar takarda mai huje-huje da nake ajiyewa a gafakata, wadda ba na barin kowa ya taɓa. To yau ga labarinta. Wanda ya gaji ya tashi, ba zan ji haushi ba.

Sunana Sa'idu. A Dutse aka haife ni, a gindin duwatsun nan da dabino ya kewaye. Mahaifina malami ne mai makarantar allo, amma abin da ya yi suna da shi zayyana ce, wato adon da ake zanawa a allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Daga Jahun, daga Buji, har daga Ringim ake kawo masa alluna. A hannunsa na koya, shekara goma sha biyar ina jan layi ina cika launi. A gidanmu akwai al'ada: ba a cewa mutum ya iya sai ranar da malaminsa ya duba aikinsa daga sama har ƙasa bai sami abin gyara ba, sannan ya miƙa masa alƙalaminsa. Haka kakana ya yi wa Baba. Ni kuwa har na yi aure, har aka yi mini haihuwa, Baba bai miƙo mini ba. Kullum na kai masa allo sai ya ɗora yatsa a wani wuri ya ce, "Nan ya fi can faɗi. Dama ta yi daidai da hagu, Sa'idu. Abin da ya karkace, miƙe shi." Abin yana ci mini rai, don alƙalamin nan shi kaɗai nake so a duniya, ga shi kuma yanar ido ta fara rufe idon Baba.

Shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, wani Bature ya sauka a garinmu. An turo shi ne ya duba ƙudan tsando a bakin kogin Ringim, amma shi duk abin da ke tashi sama nasa ne. Yana yawo da raga a bakin sanda yana bin ƙwari a fadama, shi ya sa aka sa masa suna Mai Raga, mata kuwa suka yanke cewa taɓin hankali ne da shi. Yana jin Hausa sarai, sai dai in yana magana kamar yana tauna tsakuwa. Wata rana ya tsaya a ƙofar zaurenmu ina zana allo, ya daɗe yana kallon hannuna. Da ya ga Baba yana kai littafi har bakin hanci, sai ya ciro wani gilashi daga aljihu ya ɗora masa a kan shafin. Baba ya leƙa, sannan ya fara karantawa da ƙarfi.

Mai Raga ya ce, "Malam, a ƙasarmu ana yin irin wannan na sawa a fuska. Ka ba ni ɗanka damina ɗaya ya zana mini ƙananan abubuwa, zai dawo maka da tabarau."

Baba ya ce, "Ba a zana mai rai a gidan nan."

"Ba ƙwaron gaba ɗaya ba, Malam. Fiffike kawai, da wata 'yar gaɓa."

Baba ya kwana uku yana tunani, sannan ya kira ni. Ya ce, "Je ka. Amma ka dawo ina gani. In ka zo da aikin da ban sami abin gyara ba, alƙalamin naka ne."

Ba zan tsaya kan ranar tashi ba, kowa ya san yadda take. A Ikko labarin ya fara ɗaukar zafi. Mai Raga ya sauka wurin 'yan'uwansa Turawa, ni ya bar ni a zangon Hausawa in jira jirgin ruwa. Nan na gamu da wani mai suna Tanko, dogo, mai fara'a, ya ce shi mutumin Jahun ne. Ya lissafo mini unguwanni da sunayen mahauta har na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya kai ni inda ake tuwon dawa, ya nuna mini masallaci, ya hana kowa ya taɓa kayana. Ana gobe za mu tashi ya ga ina naɗe bargona da buzun sallata, sai ya riƙe baki.

"Haba ɗan'uwa, ina za ka da bargo? Turai fa wuta ce."

Na ce, "Na ji an ce da sanyi."

"Wa ya faɗa maka? Ba ka ga fatarsu ja ba? Rana ce ta gasa su. Kawo in ajiye maka, in ka dawo ka tarar da abinka."

Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Na miƙa masa bargo da buzu da hannuna biyu, har da godiya.

Teku kuwa ban san yadda zan ba ku labarinsa ba. Kwana uku na farko ina kwance ina amai, na tabbata ajalina ne ya kira ni. Da na warware na fito sama, sai na ga duniya ta ƙare, ba bishiya, ba dutse, ba tururuwa, ruwa ne kawai yana numfashi. Ina zama a gefen jirgin in yi ta kallo har in manta ko wace rana ce. Wani lokaci in ga kamar can nesa ga duwatsun garinmu sun taso daga cikin ruwa da dabinonsu, har in ji ƙamshin hayaƙin kara, sai iska ta kaɗa su su zama gajimare. Ban ji tsoro ba a lokacin. Ji nake kamar barci nake yi, wani yana ɗauke da ni.

Da muka yi kwanaki muna nausawa arewa, sai maganar Tanko ta fara fito mini ta haƙora. Sanyi ya shiga ƙashina, ina rawar ɗari cikin 'yar taguwa. Wani Balarabe baƙi wuluk da ƙurar kwal, cikin masu zuba wa jirgin wuta, ya gan ni a rakuɓe jikin bututun hayaƙi. Bai jin Hausa, ni kuma Larabcina na littafi ne, amma da na yi masa sallama ya amsa sai idona ya cika da hawaye. Ya sauka ƙasa ya dawo da wata tsohuwar kwat mai warin mai, ya yafa mini, ya kama kafaɗata ya juya ni ya nuna mini alƙibla. Kullum da rana sai ya zo ya sake juya ni kaɗan, don jirgin ya karkata. Har muka rabu ban san sunansa ba, amma ban taɓa yin sallah na manta shi a addu'a ba.

Muka sauka a wani gari mai hayaƙi inda yara suka yi ta bin mu suna nuna ni da yatsa, muka hau jirgin ƙasa muka ƙara yin arewa, har gidaje suka ƙare, tuddai suka fara. Gidan Mai Raga na dutse ne, a bakin wani tafki, a can ƙarshen ƙasar Iskotlan. Ba shi da mata. Yayarsa ce ke riƙe da gidan, tsohuwa siririya mai farin gashi, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ranar farko ta tsaya daga nesa tana kallona kamar zan fashe. Ni kuma na rasa yadda zan kira ta, sai na ce Gwaggo. Ta maimaita, ta yi murmushi, sunan ya zauna.

A nan na san ainihin abin da ya haukata mutumin nan. Ba ƙudan tsando ba ne, wannan aikin gwamnati ne. Abin da ke ransa wasu ƙananan ƙwari ne na ƙasarsu, dangin zanzaro, sai dai ba su da siririn ƙugun nan, jikinsu a haɗe yake, kuma ba sa harbi. Macen tana da ɗan zarto a ƙarshen cikinta, da shi take tsaga ganye ta saka ƙwai a ciki. Ni dai masu zarto nake ce musu. Ya kai ni bakin rafi ya nuna mini wata bishiya mai siraran ganye, ganyen duk sun yi ƙulli ja kamar ƙwayar wake, ya fasa ɗaya da farce, ga 'yar tsutsa a ciki tana zaman ɗakinta. A wata bishiyar mai farin ɓawo kuma tsutsotsin a fili suke, sun jeru a bakin ganye suna ci. Da na kai yatsa kusa, sai duk suka ɗaga gindi sama lokaci ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba su da tarbiyya." Ya yi dariya har ya zauna a cikin ciyawa.

Ya ce masu zarton arewacin Turai iri-iri ne, kuma sun yi kama da juna ƙwarai, har masana suna faɗa a kansu. Shi burinsa ya rubuta littafin da zai raba su, kowa da sunansa. In ya kama ɗaya sai ya soke shi da siririyar allura, ya maƙala 'yar takarda a ƙarƙashinsa mai faɗin inda aka kama shi da bishiyar da yake kai. Sannan ya ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa, ya duba layukan fiffike da ɗakunan da ke tsakaninsu. In duk wannan bai raba gardama ba, sai ya zaro zarton ya shimfiɗa a kan gilashi ya duba haƙoran. Akwai wani madubi mai bututu a bakin taga, wanda ke mayar da ƙwayar gero kamar tulu. Shi yana da sunan da yake kiransa, ni kuwa rijiya na sa masa, tunda leƙawa ake yi. Aikina shi ne in leƙa, in zana fiffike da zarto.

Ranar da na fara leƙa rijiyar nan na kusa faɗuwa daga kujera. Fiffiken da ban ɗauke shi komai ba sai ga shi ya zama fili guda, da iyakoki da kwana-kwana, kamar in ka hau dutsen Garu a garinmu da damina ka hango gonaki. Haske yana ratsa shi yana canza launi. Na ce subhanallahi, ashe akwai mai zayyana a inda ba mai gani.

Daminarsu gajeriya ce, don haka Mai Raga ba ya zama. Da safe zai jera mini gilasai ya ɗauki ragarsa ya hau tudu, ba ya dawowa sai ya gaji. Rana kuwa a ƙasar nan ba ta son faɗuwa. In yi la'asar, in zauna jiran magariba, in jira, in jira, haske yana nan fari sol a kan tafki kamar an manta a kashe shi. Kwanaki suka narke cikin juna. Wani lokaci ina leƙa rijiya sai gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ga ina tafiya a kan layukan fiffike, kowane layi hanya ce, in bi wannan ta kai ni kasuwar Jahun, in bi waccan ta kai ni zaurenmu, Baba yana zaune yana fiƙe alƙalami. Sai Gwaggo ta ajiye mini kwanon kunun hatsinsu mai kauri a gefe, ƙarar cokali ta dawo da ni. Ina kewar gida ƙwarai, amma raina fari ne, don ina ganin kowace takarda da na gama taki ɗaya ce zuwa Dutse.

Kuma na yi aiki, ba yabon kai ba. Sai dai ga yadda na yi shi. In na ga layi ya taho ya tsaya bai kai gaɓa ba, sai in kai shi. In na ga ɗaki ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi, sai in raba musu daidai. Haƙoran zarto kuwa, wasu a kwance, wasu a tsaye, wasu sun dakushe can wajen ƙarshe, duk na jera su reras. A raina na ce raga ce ta lalata su, ko allura, kuma ba ɗan gidanmu da zai bar karkataccen layi a takarda. Mai Raga in ya dawo a gajiye sai ya ɗaga takardar ya ce, "Kai, ya yi kyau!" ya wuce.

Sai da ganye ya fara yin rawaya, ƙwarin suka ɓace, sannan ya zauna haɗa littafinsa. Wata safiya ya shimfiɗa takarduna a ƙasa, fiye da ɗari, ya yi ta zagaya su. Na ga wuyansa yana yin ja.

"Malam Sa'idu, zo nan. Wannan na bishiyar bakin rafi ne. Wannan na kan tudu. Me ya raba su?"

Na duba na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Duk sun fito."

"Leƙa nan." Ya sa gilashin farko, na leƙa. Ya sa na biyu, na leƙa. "Iri ɗaya ne?"

"A'a. Na biyun haƙoransa sun kwanta. Ai na gyara masa."

"Ka gyara masa!" Ya dafe kai. "Duka? Duka ka gyara?"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, don ban saba a yi mini tsawa a kan aikina ba, in ba Baba ba. Na ce, "Shekara goma sha biyar ina koyon miƙe layi, yanzu ka ce in zauna in zana karkatacce? In mummuna kake so, me ya sa ka ɗauko ni tun daga Dutse?"

Ya ce, "Ba kyau na ɗauko ka ka yi mini ba. Karkatar nan ita ce sunansa. Ka share wa ƙwari ɗari sunansu." Ya buga ƙofa ya fita.

Washegari ya shigo a sanyaye. Ya ajiye wani ɗan akwati a gabana, tabarau uku a ciki, kowanne da ƙarfinsa, da takardar shiga jirgi. Ya ce, "Laifina ne, ban duba ba. Alkawari na yi wa Malam, ga shi. Jirgi zai tashi bayan kwana goma."

Na zauna ina kallon akwatin, ina kallon takardun. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata rana da wani ɗalibin Baba yake kwafar littafin fiƙihu, ya ga wata kalma ba ta yi masa daɗi ba, ya canza ta da wadda ya ga ta fi kyau. Baba ya yaga shafin a gaban kowa, ya ce mai kwafa amana aka ba shi, ba shi da ikon gyara ko ɗigo. Baba ɗaya ne ya koya mini miƙe layi, ya kuma koya mini wannan. Ni na ɗauka zayyana aka kawo ni yi, ashe kwafa ce, kuma littafin da na yi ta gyarawa ba na mutum ba ne. Kunya ta rufe ni. In na koma haka, ko Baba bai taɓa sani ba, ni na san da hannun da zan karɓi alƙalaminsa.

Na ce wa Mai Raga, "A aika da tabarau. Ni sai na sake su."

Ya ce, "Hunturu zai kama ka. Ba ka san hunturunmu ba."

"A aika dai."

Gaskiyarsa, ban san shi ba. Ranar da a da ta ƙi faɗuwa, yanzu ta ƙi fitowa. Sai hantsi ya yi take leƙowa, kafin la'asar ta tafi. Rijiya kuwa da hasken taga take aiki, fitila ba ta isar ta, don haka a yini in na yi sa'a in gama takarda ɗaya. Dusar ƙanƙara ta rufe tuddai da hanya da bishiyoyi, duniya ta yi tsit, ta yi fari kamar allon da aka wanke aka shafa wa farar ƙasa. Tawadata ta daskare a kwalba. Yatsuna suka ƙi riƙe alƙalami, na yi kuka a gaban taga kamar yaro, ba na ɓoye muku. Gwaggo ta gani. Bayan kwana biyu ta ajiye mini safar hannu ta ulu da ta saƙa, ta yanke kan yatsu uku na dama don in iya zane. Ta kuma lura ina sallah a kan dutse mai sanyi, sai ta shimfiɗa mini fatar tunkiya a kusurwar ɗaki, daidai inda nake fuskanta. Ban taɓa gaya mata alƙibla ba, kallo kawai ta yi.

A tsakiyar hunturun wasiƙa ta zo daga ƙanena Isiyaku, da ajami, ta yi wata biyu a hanya. Ya ce tabarau sun iso lafiya, na tsakiyar ne ya yi wa Baba daidai, ya yi karatu da shi yini guda bai tashi ba. Ya ce amma yanar tana ƙaruwa, idon hagu ya riga ya tafi. A ƙarshe ya rubuta, "Baba ya ce a gaya maka yana nan yana jira, ka yi sauri." Na karanta, na ninke, na koma bakin rijiya, saura takarda sittin. Tun daga ranar ban ƙara ganin gonaki a fiffike ba, idon Baba nake gani, haske yana raguwa a cikinsa.

Abin mamaki, da na daina gyarawa sai na fara ganewa. Na san wanda layinsa ke tsayawa rabin hanya, na san wanda haƙoransa ke kwanciya, har in an ba ni gilashi in faɗi bishiyarsa ban duba 'yar takardar ba. Wata rana na ce wa Mai Raga cikin waɗanda ya tara a akwati ɗaya da suna ɗaya, akwai guda huɗu da ba 'yan gidan ba ne. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya tashi ya kama hannun Gwaggo ya yi ta juyi da ita a tsakar ɗaki tana zaginsa da yarensu. A ranakun da haske bai isa rijiya ba kuma, na ɗauki takarda mai kauri na yi tawa zayyanar. Gefe-gefe irin ta gidanmu ce, dama daidai da hagu. A tsakiya na sa fiffike ɗaya yadda yake, ban taɓa masa komai ba. Ita na shirya kai wa Baba.

Sai da ƙanƙara ta narke na gama. Gwaggo ta raka ni har bakin hanya, ta cusa mini gurasa a aljihun kwat, ta ce, "Sa'idu," shi ke nan Hausarta. A Ikko na tambayi Tanko mutumin Jahun, aka yi ta dariya, wani ya ce bara waccan ɗan Katsina ne, bana kuma an ji ya zama ɗan Bauchi. Ban ko tsaya jin haushi ba, hankalina yana gaba.

Da hantsi na shiga Dutse, ana shirin shuka. Baba yana zaune a zaure inda na bar shi, tabarau a fuskarsa. Da na hango gilashin yana ƙyalli sai na ce alhamdu lillahi, na cim masa. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya juyo da fuskarsa, amma ƙofa ya fuskanta, ba ni ba.

Isiyaku ya raɗa mini, "Wata biyu ke nan. Ko hasken ƙofa ba ya gani. Ya ƙi cire su ne, ya ce so yake ka same shi da su."

Baba ya ce, "Sa'idu, ka zo da aikin?"

Na ce, "Na zo da shi, Baba." Na sa masa takardar a hannu. Ya shafa ta sama da ƙasa, sumul, ba abin da yatsa zai kama. Ya miƙo mini ita a hankali ya ce, "Allah ya yi albarka," ya shiga tambayata hanya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Da na je cire kwat ɗin Balaraben nan, wani abu ya soke ni a yatsa. Allurai ne na ƙwari, guda biyar, da na saba maƙalewa a wuyan kwat in ina aiki. Na tsaya ina kallon ɗigon jinin. Sannan na ɗauki takardar na kifa ta a kan buzu, na fara huda ta ta baya, huji kusa da huji, ina bin kowane layi yadda bakin hujin zai taso ta gaba. Kwana huɗu na yi, allura uku suka karye. A rana ta biyar bayan an tashi daga karatun safe na sake ɗora masa ita a cinya, na kama yatsansa na sa a kusurwar sama.

Yatsan ya fara tafiya. Ya bi gefen dama har ƙasa, ya koma ya bi na hagu, ya sake auna su da yatsu biyu. Sannan ya shiga tsakiya, ya bi wani layi, ya tsaya inda ya tsaya.

"Nan bai kai ba."

"Haka yake a jikinsa, Baba."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, ba sau ɗaya ba."

"Ba ka miƙe shi ba?"

Na ce, "Da farko na miƙe su duka. Sake su ne ya tsayar da ni har ka daina gani."

Ya sake bin layin da yatsansa. Sannan ya koma gefe ya ce, "Wannan naka ne, ban sami abin gyara ba." Ya dawo tsakiya ya ce, "Wannan kuma na Mai shi ne. Da ka taɓa shi da na yaga."

Ya laluba aljihun rigarsa. Ashe alƙalamin yana ciki, Isiyaku ya ce tun ranar da tabarau suka iso yake yawo da shi. Ya fiddo shi ya ce, "Ungo, Malam Sa'idu." Ya miƙa shi ta gefen da ba na nan, sai na matsa a kan gwiwoyina na karɓa.